Azumin Ɗana a Ƙasar da Rana Ba Ta Faɗuwa

Shekarun baya, lokacin da watan azumi yake faɗowa cikin damina, ɗana ya yi wata tafiya da ban taɓa ba da labarinta a rubuce ba. Ni ba mai rubutu ba ne. Mai gyaran agogo ne, ina da ɗan shago a unguwar Ɗan Iya, nan Bauchi. Ku yi haƙuri da yadda zan kawo shi.

Yaron tun yana ƙarami tsuntsaye ne abin sonsa. Sa'anninsa suna bin su da danƙo, shi kuwa sai ya tsuguna nesa ya yi ta kallo. Mahaifiyarsa takan ce gadon kakansa ne na wajenta, wanda makiyayi ne, ya san daji kamar tsakar gidansa. Da ya shiga jami'a a Gubi, nan bayan gari, abin ya samu wurin zama, don ga dam kusa. Ya samo wani tsohon madubin hangen nesa, kullum yana rataye a wuyansa. Shi ya nuna mini wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa, ya ce baƙi ne, daga can arewacin duniya suke zuwa, idan zafi ya kama a can su koma su yi ƙwai. Na ce to, Allah Ya kai su lafiya. Iyakar abin da na iya cewa ke nan.

Wata rana ya zo shago yana ta murmushi. Malaminsa ya ba da sunansa ga wasu masu binciken tsuntsaye a Kanada, waɗanda sukan ɗauki ɗalibai su zaga da su a lokacin zafinsu, lokacin sheƙa da ƙyanƙyasa. An ɗauke shi. Za su fara da filayen ciyawa, su shiga daji, su ƙare a can ƙarshen arewa inda ko bishiya ba ta tsira. Sai da na gama murna na lissafa, na ga tafiyar ta haɗiye watan azumi gaba ɗaya.

A gidanmu ba a irin wannan tafiya sai da izinin yayana. Malami ne, shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, kuma ni ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Muka same shi a zaure bayan la'asar. Yaron ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan. Yayana ya saurara har ƙarshe.

"Wato jirgi za ka hau, ka tsallake teku, ka je ka kalli tsuntsu."

"E, Baffa."

"Na Bauchi sun ƙare?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Yayana ya ce matafiyi an yi masa rangwame ya sha azumi ya rama, amma wannan ga mai tafiyar da ke da dalili ne. Tafiyar wasa ba ta da rangwame, kuma shi a ganinsa kallon tsuntsu wasa ne.

"Baffa, ba zan sha ko ɗaya ba," in ji yaron. Da ya tsaya nan da ya huta. Amma shi ba ya iya ɓoye abu. Ya ce, "Sai dai akwai magana ɗaya. Wurin ƙarshe da za mu, rana ba ta faɗuwa a wannan lokacin."

Yayana ya cire tabarau ya dube shi. "Ba ta faɗuwa."

"Takan yi ƙasa, sai ta sake hawa."

"To da me za ka sha ruwa? Da kukan tsuntsu?"

Na ga idon yaron ya kawo ruwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, ni na tsaya masa. In ya dawo da azumi ɗaya a karye, ni za ka tambaya, ba shi ba."

Yayana ya ce, "Ka ji abin da bakinka ya faɗa?" Na ce na ji. Ya sallame mu. Bayan kwana biyu ya aika a kira yaron, ya ce ya duba, malamai sun yi maganar irin wannan ƙasa. Idan ya kai inda babu dare, ya bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare, da salla da azumi duka. Ya ƙara da cewa, "Ba don na yarda da tafiyar ba. Don kada ka je ka yi da ka."

Ranar tafiya na cire agogon hannuna na ɗaura masa. Mahaifiyarsa ta cusa masa dabino da ƙuli-ƙuli a jaka har zif ya ƙi rufuwa.

Yanzu ga inda za ku yi mini dariya, kuma kuna da gaskiya. Ranar farko ta azumi, ladan yana ɗaga murya da magariba, ban ko taɓa ruwa ba na ɗauki waya na kira shi. Ai ni na tsaya masa. Yana ɗauka na ce, "Maza sha ruwa, an kira salla!" Sai na ji dariya.

"Baba, nan ko azahar ba a yi ba."

Ni da na tsufa cikin agoguna. Na san akwai bambancin lokaci tsakanin ƙasashe, na sha saita wa alhazai agogo. Amma ranar zuciyata ta ɗauka idan rana ta faɗi a Bauchi ta faɗi wa ɗana duk inda yake. Mahaifiyarsa ta yi dariya har kunu ya sarƙe ta. Washegari na ɗauki agogon bango ɗaya a shago na saita shi a kan lokacinsu. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Mai agogo, wancan naka ya lalace." In ce a'a, lafiyarsa lau, lokacin yarona ne.

Farkon tafiyar muna jin sa kullum. Daga filayen ciyawa ya ce, "Baba, ka san hurumin shanu? To ka ɗauka an shimfiɗa shi har inda ido ya gaza, ba dutse, ba tsauni. Mutumin Bauchi sai ya ji kamar an kwashe masa bango." Ya ce akwai wani tsuntsu da ke hawa sama har ka daina ganinsa, sai dai kukansa ya yi ta zubo maka. Da suka shiga daji ya turo hoton itatuwa dogaye, a tsaye cak kamar turakun wuta, da wani tabki. Ya ce a tabkin akwai tsuntsu mai kuka kamar mutum yana kiran ɗan'uwansa da ya ɓata. Na tambaye shi azumi, ya ce da tsawo, dare ɗan guntu ne, kana shan ruwa ka yi salla, kafin ka miƙe ƙafa lokacin sahur ya yi. Na tambaye shi sanyi, ya ce sanyi da sauƙi, sauro ne abin tsoro. "Baba, sauron Bauchi almajirin na nan ne."

Sannan suka hau ƙaramin jirgi zuwa can ƙarshen arewa, waya ta ɗauke. Ya riga ya gaya mana haka za a yi, amma sani daban, zama da shi daban. Goman ƙarshe ta azumi ta shigo ba mu ji daga gare shi ba. Nakan ɗaga kai in dubi agogon bangon nan, in ce yanzu yana jin ƙishi, yanzu ya kusa. Yayana kuma idan mun fito daga tafsiri sai ya ce, "Ina labarin mai tsuntsaye? Rana ta faɗi ko tana nan?" In ce tana nan, Yaya. Mutane su yi dariya, ni ma in taya su. Amma a raina ina tsoro. Na san yaron ba zai yi mini ƙarya ba. Idan ya karya zai faɗa, a gaban kowa, kuma daga ranar ba ni da bakin sake tsaya wa wani ɗa nawa a zauren nan.

Ya dawo bayan salla da 'yan kwanaki, ya rame, fuskarsa duk cizon sauro. Ko hutawa bai yi ba yayana ya aiko. Muka tafi. Wannan karon zauren da mutane, ƙannenmu da wasu ɗaliban yayana.

"Sannu da hanya. Nawa ka sha?"

"Ban sha ko ɗaya ba, Baffa."

"A inda babu daren fa?"

"Na bi lokacin garin da ka ce."

"Wato ka kai ruwa bakinka rana tana kallonka."

"E, Baffa. Tana kallona."

Ya ce ranar farko a can da ƙyar ya iya. Ƙasa ce shimfiɗe, ba itace, sai gansakuka da ƙananan tafkuna, tsuntsaye suna ƙwai a ƙasa a fili. Agogo ya nuna lokaci ya yi, ga dabino a hannunsa, amma ga rana a sama jawur. Hannunsa ya ƙi zuwa baki. Ya san hukuncin, ya yarda da shi, amma jikinsa yana gaya masa zunubi zai yi. Ya zauna a bayan tanti yana juya dabinon har jiri ya fara ɗibarsa. Yana nan zaune sai ya lura da wani abu. Filin da tun safe yake cike da kuka ya fara yin shiru. Wannan ya daina, wancan ya daina. Wata tsuntsuwa da ke kusa da shi a kan sheƙarta ta juya kai ta cusa baki cikin fiffike. Ga rana, amma su sun san dare ya yi.

"Sai na ce, Baffa, in waɗannan ba su jira rana ta ba su izini ba, ni da malamina ya ba ni hukunci me nake jira? Na yi bisimilla."

Ya ciro waya ya ce ya ɗauko mana sautin a wata ranar. Ya ajiye ta a kan buzu ya kunna. Da farko hayaniya ce, kuka iri-iri, wani siriri, wani kamar ana kaɗa ƙararrawa, da iska. A hankali suka riƙa raguwa. Aka bar biyu, aka bar ɗaya, shi ma ya yi shiru. Sai iska kawai. Cikin shirun nan aka ji muryar yaron ƙasa-ƙasa yana addu'ar buɗa baki, sannan ƙarar kurɓar ruwa.

Yayana ya ce, "Mayar da shi baya." Aka mayar. Ya sake saurara, kansa a ƙasa. Da ya ƙare ya yi tasbihi, ya ce lallai babu halittar da ba ta san lokacinta ba. Sannan ya dubi yaron.

"Na tambaye ka ko da kukan tsuntsu za ka sha ruwa."

"Da shirunsu na sha, Baffa."

Yayana ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Ya juyo wajena ya ce, a gaban ƙannenmu da ɗalibansa, "Ka sauke abin da ka ɗauka. Ni kuma na janye maganata. Wannan tafiya ba ta wasa ba ce." Na ce na gode, Yaya. Da muka fito yaron ya kwance agogona zai mayar mini, na ce ya riƙe.

Yaron nan, Allah Ya karɓi abinsa bayan 'yan shekaru, gajeriyar rashin lafiya. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba. Yayana ne ya yi masa salla. Agogon ya dawo hannuna.

Mutane sukan tambaye ni ko ban yi nadamar barinsa ya ɓata ƙuruciyarsa a bin tsuntsaye ba, tunda kwanansa kaɗan ne. Ban yi ba. Na tsaya wa yaro sau ɗaya a rayuwata, a kan abin da ni kaina ban gane ba, kuma bai ba ni kunya ba. Ya je inda babu ladan, babu wanda zai gan shi, babu ko dare, ya riƙe abin da aka ba shi ya dawo da shi cikakke. Uba ba ya neman abin da ya fi wannan.

Wani lokaci nakan hau keke in je Gubi in tsaya a bakin dam da madubinsa. Har yanzu ban iya bambance tsuntsayen ba, shi ma ya gaya mini namu baƙin ba daga Kanada suke zuwa ba, daga wani arewan ne daban. Duk da haka ina yi musu sannu da zuwa.

Yayana ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni. Duk shekara idan goman ƙarshe ta shigo yakan ce mini, "Ka zo da sautin yaron nan." In zauna kusa da shi in kunna. Ba ma magana. Kukan tsuntsayen yana da daɗi, amma ni da shi duk mun san ba shi muke saurare ba. Wurin shirun muke jira.