Matar Da Ta Sa Baba Yamusa Ya Ajiye Tankin Feshi

Ƙarfe shida na safe ba ta samun Malama Halimat Saleh a gida. Takan tari ɗan acaɓa daga Bwari ta nufi fadama, takalmin roba a ƙafa, ɗan gilashin ƙara girma rataye a wuya. Abokan aikinta malaman gona suna yi mata tsiya, wai likitar ƙwari, don kafin ta gama gaisawa da mai gona ta tsuguna tana birkice ganye ta ga wa ya kwana a ƙarƙashi. Shekara talatin da biyu tana wannan fama. A watan nan ta yi ritaya, ba taro ba lambar yabo, kuma gaskiya abin ya tsaya mana a rai, mu da muka san aikinta.

Shekara uku da suka wuce ta bi manoma tana roƙon su gwada alkama a noman rani ba tare da maganin feshi ba. Kowa ya zille sai Baba Yamusa, wani dattijo ɗan Gbagyi. Fadama ɗaya gare shi, ita ke ciyar da gidansa, ya bar masarar da ya saba ya shuka alkama saboda maganarta.

Alkama na fara fitar da kai sai darɓa ta sauka, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye. Malama ta ce ya yi haƙuri, ya haƙura. Bayan kwana biyu sai ga wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ƙafafu, munana, sun cika gonar. Nan haƙuri ya ƙare. Da safe ta iske shi goye da tankin feshi na aro.

"Madam, kai ka ce kar na fesa, na ji," in ji shi. "Yanzu ga wani ya zo, ya fi na farko muni. Iyalina zai ci me?"

"Baba, don Allah sauke tankin nan ka duba tukuna."

Ta miƙa masa gilashin. Ya sunkuya yana gunaguni, ya ƙura wa ganyen ido. Baƙar tsutsar ta cafke darɓa guda, ta cinye, ta wuce kan ta gaba.

"'Ya'yan jan ƙwaron nan ne mai ɗigo-ɗigon baƙi," ta ce. "Ma'aikatanka ne, ba ka biyan su. In ka fesa, su ne za su fara mutuwa, darɓa ta dawo ba mai tare ta. Ba ni kwana bakwai."

"In gona ya lalace fa?"

"Ka tsayar da ni gaban manoma ka ce ni na cuce ka."

Daga baya ta faɗa cewa a satin nan abinci bai yi mata daɗi ba, tsoro ya cika ta. Kullum tana gonar da sassafe. Kwana huɗu ba wani sauyi, Baba ko gaisuwarta ba ya amsawa sosai. Ran na shida suka bi kunya-kunya suna birkice ganye, da ƙyar suka samu darɓa. Alkama ta nuna, ya girbe, matarsa Felicity ta aika wa Malama kwano guda.

Malama Halimat, ke ce kika koya mana cewa ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Ke ce kika jingina mutuncinki don gonar wani ta tsira. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Masu shigowa aikin gona kuma, ku riƙa tsugunawa kamar yadda ta tsuguna.

Ranar da ta yi sallama da manoma ta cire gilashin ta rataya wa Baba Yamusa. A makon jiya maƙwabcinsa Godfrey ya fito goye da tanki zai shiga tasa alkamar, dattijon ya sha gabansa.

"Oga, sauke wannan abu," ya ce, yana miƙa masa gilashin. "Duba tukuna."