Hannu Biyu Na Ɗaga, Kawu Nusret

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, wajen ƙarfe goma na safe, na ajiye bas ina hutun rabin sa'a sai wayata ta yi ƙara. Elvir ne, ɗanka. Bai ja magana ba, ya ce, "Firoz, Baba ya tafi." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ka rasu kana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar mako uku a asibiti. Washegari muka kai ka maƙabartar Rookwood ana yayyafi.

Kawu Nusret Delalic, shekara ashirin da biyu kana sakataren kwamitin gininmu, kuma masu yabonka ba sa ƙirguwa. Ni kuwa shekara biyun ƙarshe na rayuwarka na yi su ina yaƙarka a kan maganar rufi, kowa a ginin nan ya sani. Shi ya sa na ga ni ya fi dacewa in rubuta wannan, don ba wanda zai ce soyayya ce ta rufe min ido.

A 2009 na sayi gida mai lamba biyu a hawa na ƙasa, ƙofata na kallon taka, a wannan benen jan bulo mai gidaje goma sha biyu da ke nan Liverpool, yammacin Sydney. Kwana uku da tarewa na fito da tsani zan kafa faifan talabijin a bangon waje, don in riƙa kallon ƙwallon Fiji. Ban kai ga huda na biyu ba na ji murya a bayana.

"Maƙwabci, bangon wa kake hudawa?"

"Nawa mana, Kawu. Shekara talatin zan yi ina biyan banki a kansa."

"A'a. Kai iska ka saya. Iskar da ke tsakanin bangon nan huɗu, da fentin da ke jikinsu ta ciki. Bangon namu ne. Haka rufi, haka matakala, haka bututun da ke ƙarƙashin ƙasa."

Na ce ashe iska ta yi tsada a garin nan. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ja ni cikin gidanka, matarka Anti Senada ta kawo min gahawa a ɗan ƙaramin kofi mai ɗacin tsiya. Ka cike min takardar neman izinin kwamiti da hannunka. Da izinin ya fito, kai ka riƙe min tsanin.

Kowa "maƙwabci" kake kiransa, mai gida ne ko ɗan haya, tsohon zama ne ko wanda ya tare jiya. Sau ɗaya tak ka taɓa gaya min cewa lokacin yaƙi a Bosniya maƙwabcinku ne ya ɓoye ku a rumbun masararsa kwana goma sha ɗaya. Ba ka ƙara ko kalma ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Duk yammacin Litinin kai ke fitar da kwandunan shara bakin titi, ka jera su kamar masu sahun sallah. Idan wani ya jefa ragowar abinci a mai murfin ruwan ɗorawa, wanda na kwali da kwalba ne kawai, ba ka zuwa ƙorafi. Sai ka sa safar hannu ka tsince, a daidai lokacin da ka san mai laifin zai fito ya gan ka. Sau biyu aka yi min haka na shiga taitayina. Ranar da manajan gini ya turo mana lissafin dala ɗari da tamanin na canza ƙwan lantarki ɗaya a matakala, ka karanta mana a taro da ƙarfi, sau biyu, ka cire tabarau ka ce daga yau kai ne mai gyaran wutar ginin nan, kuma kofin gahawa ne kuɗin aikinka. Takardar kuɗin kula da gini, da ke fitowa duk bayan wata uku, ba ka yarda a cusa wa mutum ita a akwatin wasiƙa. Kai da kanka kake ƙwanƙwasa ƙofa ka miƙa, ka tsaya ka nuna nawa ne na shara da ciyawa da inshora, nawa ne za a ajiye don manyan gyare-gyare. Cewa kake mutum ya fi saurin biya idan ya ga fuskar mai tambaya, kuma wanda ba shi da shi ya fi samun bakin faɗa.

Sai maganar rufi ta zo.

Anti Beryl Haddow tana gida mai lamba goma sha ɗaya, a hawa na sama. Shekarunta tamanin da ɗaya, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tun 1979 take ginin nan, ta riga kowa. Shekara biyu da suka wuce ruwa ya fara ɗiga mata ta silin. Aka yi faci, aka sake, abin sai gaba yake yi. Bokiti ɗaya ya zama biyar, bangon ɗakin kwananta ya yi baƙi da fumfuna, tari ya kama ta ya ƙi saki. Masu duba gini suka ce ba batun faci, a sauke rufin gaba ɗaya. Abin da ke asusun manyan gyare-gyare bai kai rabi ba, sai kowane gida ya ƙara dala dubu tara. Ɗanta da ke Brisbane ya fito fili ya ce idan sanyin bana ya shigo ba a tsai da maganar gyara ba, zai sayar da gidan ya kai ta gidan tsofaffi. Ita kuwa ta ce da ni a matakala, tana riƙe da ƙarfen dafawa tana haki, "Ɗana, a ƙofar nan aka fitar da mijina. Ni ma ta nan nake so a fitar da ni."

Na ji tausayinta, amma ban ji na dala dubu tara ba. Gaskiya ke nan. Shekara takwas rabona da Fiji, mahaifiyata na can garin Ba, tana da shekara tamanin da huɗu, kuma kuɗin da na tara in kai mata jikokinta kusan daidai suke da abin da ake nema. Sai na zama jagoran masu ƙi. Na tashi a taro na ce ni ruwa ba ya zuba a kaina, akwai hawa biyu tsakanina da sama, wanda ya zaɓi zama kusa da gajimare ya ji da gajimarensa. Aka yi dariya, na ji daɗin bakina. Kai da kake ƙasa kamar ni, wanda ɗigo ɗaya bai taɓa sauka a gidanka ba, ka dube ni kawai ka rubuta abin da na faɗa a littafin taro. Sau biyu ana jefa ƙuri'a, sau biyu ana tashi biyar da biyar, don gidaje biyu ba sa zuwa, ba sa aiko kowa. Kunnen doki kuwa faɗuwa ce. Duk da haka ba ka fasa gaishe ni ba, Anti Senada ba ta fasa aiko mana da burek ɗinta, gashin fulawar nan mai nama a ciki, duk Juma'a ba, ni kuma ban fasa ci ba.

An sa taro na uku ranar Asabar, 11 ga Mayu. Ran Juma'a bayan masallaci na je duba ka. Na same ka ka rame, an sa maka robar iska a hanci, amma idon nan na nan yadda na san shi. Ka nuna min wata jaka a gefen gado. Littafin taro ne a ciki, wannan babban mai baƙin bango.

"Maƙwabci, gobe ba zan iya zuwa ba. Kai za ka kai musu littafin. Takardar wakilcina na ciki, na sa hannu. Sunanka na rubuta."

"Ni? Kawu, zazzaɓin ya taɓa kanka ne? Ka ba Anti Senada mana, ko Elvir. Ka san fa inda na tsaya."

"Na sani. Duk ginin an sani, da wannan bakin naka kamar lasifikar tasha."

"To aƙalla ka rubuta a jiki inda kake so in jefa."

"Ban rubuta ba, ba kuma zan rubuta ba. Ƙofarka ce ta fi kusa da tawa. Tafi, ka cika min ɗaki da surutu."

Na fito ina huci. A raina na ce wannan tsoho ya raina ni, yana so ya ɗaure ni da kunya. Na yi lissafina tsaf a cikin mota: zan jefa taka inda na san kana so, don ni ba maci amana ba ne, in jefa tawa inda nake so. Biyar da biyar, magana ta mutu, ba wanda zai zarge ni.

Da safen Asabar na buɗe littafin in ciro takardar. A shafin watan Agustan 2011 ka saka ta. Na san ka, Kawu, ba ka taɓa ajiye ko cokali a inda ba ka yi niyya ba. Shekarar ce saiwar bishiyar bayan gini ta fasa babban bututun masai, ruwan ƙazanta ya taso ta banɗakina ya malale min gida har falo, matata Roshni na da cikin wata takwas. Gidana kaɗai abin ya shafa. Na tuna wari, na tuna kafet ɗin da muka zubar, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina kuɗin haƙa da sabon bututu suka fito ba. A wurina "gini ne ya biya". Ga shi nan da rubutunka: ƙarin dala dubu biyu da ɗari uku a kan kowane gida. Wadda ta kawo shawarar, Beryl Haddow, gida na goma sha ɗaya. An amince ba hamayya. A ƙasa ka ƙara layi ɗaya, cewa Madam Haddow ta roƙi a bar ta ta biya nata kashi shida, daga kuɗin fanshonta.

Akwai hawa biyu tsakaninta da wannan bututun. Ita ba ta taɓa tuna min ba. Kai ma shekara biyu kana jin ina cika baki, da wannan shafi a hannunka, ba ka buɗe shi a gaban jama'a ka tsinka ni ba. Na daɗe zaune a kicin, kunya ta hana ni ko kurɓar shayi.

A gareji aka yi taron, a kan fararen kujerun roba, ruwa na dukan ƙofa. Anti Beryl ta sauko da bargo a kafaɗa. Da manajan gini ya ce masu goyon bayan sauke rufi su ɗaga hannu, na ɗaga na dama na ce wannan na gida mai lamba ɗaya ne. Sannan na ɗaga na hagu. Darren, mai gida na biyar, wanda ya zuba 'yan haya yana zaune can bakin teku, ya juyo ya zare min ido.

"Firoz, me ka sha da safen nan? Kai fa ka tara mu!"

"Ni na tara ku, ni kuma na watse. Ka ƙirga da kyau, hannu biyu ne."

Shida da huɗu. Anti Beryl ba ta yi kuka ba, ba ta ma yi godiya ba. Ta dube ni ta ce, "Sauke hannuwan haka nan, ɗana, kamar wanda 'yan sanda suka tare."

Da yamma na kira mahaifiyata na gaya mata zuwanmu sai baɗi. Ta ce Allah Ya kai mu. Ban san ko zai kai mu ba, kuma wannan yana ci min rai har yanzu. Amma ban yi nadama ba, ko yau aka sake taron hannu biyu zan ɗaga.

Ran Lahadi na koma asibiti. Magana ta fara yi maka wuya, sai na sunkuya na gaya maka a kunne. Ka buɗe ido ka ce, "Hannu nawa?" Na ce biyu. Ka ce, "Ɗaya nawa ne, kar ka cika min baki." Can kuma, har na miƙe zan tafi, ka kamo hannun rigata ka ce gobe Litinin, kuma wannan makon har da mai murfin ruwan ɗorawa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya. Na fitar da kwandunan, Kawu, na jera su yadda kake yi. Masu aikin rufi za su fara a makon farko na Yuni, kuma ɗan Anti Beryl ya janye maganar sayarwa.

Ya Allah, ga bawanKa Nusret ya zo gare Ka. Mun zauna da shi ƙofa da ƙofa shekara goma sha biyar, mun shaida bai taɓa kwana da haƙƙin maƙwabci a wuyansa ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka karɓe shi da rahamar da ta fi ayyukansa. Yadda ya rufa min asiri a gaban mutane alhali yana da abin da zai kunyata ni, ya Allah kar Ka kunyata shi ranar da za a buɗe littafin kowa. Ka sanya shi a Aljannar Firdausi, cikin maƙwabta na gari.

Anti Senada, Allah Ya ba ki haƙurin wannan rashi, Ya zama gatanki. Ƙofata taku uku ce daga taki, kar ki ji nauyin ƙwanƙwasawa. Elvir da maiɗakinka Merjema da 'ya'yanku, Allah Ya ba ku dangana, Ya albarkaci abin da ya bari. Ina kuma yi wa mutanen gidaje goma sha biyun nan ta'aziyya, har da waɗanda ba sa zuwa taro.

Littafin yana wurina, don an ce ni zan riƙe shi kafin a yi zaɓe. Jiya na zauna na rubuta bayanin taron 11 ga Mayu, da wannan mummunan rubutun nawa a ƙarƙashin naka mai kyau. A jerin waɗanda suka zo, sunanka na fara sawa: Nusret Delalic, gida na ɗaya, ya halarta ta hannun maƙwabcinsa.

Firoz Buksh
Gida na biyu, Liverpool, Sydney