Ranar da Kaka Ta Kashe Kasko

Jiya na sauke zanen gadon 'yata daga igiya, ƙamshin rana da sabulu ya buge ni, sai ga ni a Djougou, a ɗakin kakata.

Ka san ɗakin tsofaffi. Darduma kan darduma, labule mai kauri, ga matasan audugar rimi da kakana ya ɗura da hannunsa kafin ya rasu. A lungu akwai kaskon turare wanda ban taɓa ganin ya huce ba. Idan rana ta leƙo, hayaƙin yakan yi ta lilo cikin haske, ina bin sa da ido har barci ya sace ni.

Damina na kamawa bango ya yi fumfuna, ƙirjina ya fara fito. Kaka, don tsabar so, sai ta rufe taga kada iska ta taɓa ni, ta ƙara turare, ta kwantar da ni kan matashi mafi laushi. Kullum tarin gaba yake yi.

Gwaggona da ke aure a Parakou ta kai ni asibiti wajen lokotoro, wato likita. Da muka dawo ta durƙusa gaban Kaka.

"Inna, lokotoro ya ce ɗakin nan ne ciwonsa. Ko a fitar da kayan, ko in tafi da shi."

"Har turaren?"

"Har matasan Baba."

Na tsorata ƙwarai, don ban iya barci ba sai a bayanta.

Washegari da hantsi ta fito da kaskon, ta zuba masa ruwa. Matasan ta rungumo su ɗaya ɗaya, ba ta bari kowa ya kama mata ba. Aka wanke bango, aka shimfiɗa tabarma, taga ta wuni a buɗe. Zannuwa kuwa kowane mako sai sun sha ruwan zafi da rana.

"Wannan angon nawa da iko yake," in ji ta, tana goge ido da bakin zane. "Tsohon miji ya bar wa sabo ɗaki."

Ban koma Parakou ba sai da na girma. Yau a unguwar Kpébié ta Parakou nake, 'yata ta gaji ƙirjina. Gidana ba darduma ba kasko, baƙi har tambaya suke ko ba mu gama tarewa ba.

'Yan'uwana in suka ji turaren wuta sai su ce Allah ya jiƙan Kaka. Ni a bakin igiyar shanya nake yi mata addu'a.