Cajar Baba tana cikin durowata

Jama'a, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ni ba mai ɗaukar mafarki da zafi ba ce, nakan ce tuwon dare ne ya yi yawa, amma wannan ya tsaya mini a rai. Kafin in ba ku shi, dole ku san Babana kaɗan.

Baba mai gyaran rediyo ne a garinmu. Da sana'ar ta ja baya, sai ya koma haɗa ƙananan jiragen sama masu tashi da rimot, yana yanka su daga farin soson da ake naɗo firij a ciki. A da, duk Juma'a da la'asar yana filin idi da jirginsa. Filogin da ke haɗa batir da jirgi, da wanda ke haɗa shi da caja, shi ya ƙera abinsa da tarkacen rediyo, ya ɗaure kowanne da jan zare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Da na gama karatun lantarki na dawo gida da rawar kai, na ce wannan haɗin nasa wata rana sai ya ƙone gida. Na sa fulaya na datse filogansa kaf, na liƙa sababbi masu ruwan ɗorawa. Tsohuwar cajarsa na ba 'yan jari bola, na kawo sabuwa mai allo, wadda ita kaɗai ke shiga bakin sababbin, kuma ba a sayar da irinta a garinmu.

Da zan tafi Kaduna aiki, na ɗauki cajar da jirgi ɗaya, wai zan burge abokan aiki in mayar masa idan na je gida da sallah. An yi sallah huɗu. Biyu ban je ba, biyu na je na manto ta. In na tambaye shi a waya sai ya ce, "Bar ta nan, Uwata, ai iska ta yi yawa kwanan nan." Ni kuma na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. A tsakanin nan ne likita ya ce Baba yana da hawan jinin ido, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa.

To, a mafarkin, na gan ni a filin idin garinmu. An yi sahu kamar za a ta da sallah, amma kowa riƙe yake da jirgi a ƙirji. Baba yana can ƙarshen sahu cikin shuɗiyar rigarsa ta aiki, aljihun gaban ya rinjayo saboda nauyin batura. Ni kuma ina ɗauke da faranti a ka kamar mai talla, cike da cajoji. Na tsuguna gabansa na ce, "Baba, ga ta na kawo." Sai ya miƙo mini batir ɗaya. Na ɗauki caja na gwada, bakinta ya yi faɗi. Na ɗauki wata, ta yi ƙanƙanta. Wata ta kusa shiga, sai na ga ramukanta uku, shi kuma ƙafarsa biyu. Ina ta gwadawa ina gumi, farantin ba ya raguwa.

Sai kawai na gan ni a tashar mota, amma maimakon motoci, teburan masu sayar da wayar wuta ne jere har iya ganina. Wayoyi ja da baƙi suna rataye kamar taliya a igiya. Ina bi ina nuna musu batirin, kowa ya duba ya girgiza kai ya nuna mini na gaba. Wata murya ta mace tana fitowa daga lasifika tana cewa, "Mai cajar tsoho ta zo, motar ta cika." Na waiga ban ga motar ba. Na ce, "Ina take?" Muryar ta sake faɗin abin da ta faɗa, daidai yadda ta faɗa da farko.

Sai kawai ga ni a shagon Baba, wanda aka rufe tuntuni. Rediyoyi duk a kunne, amma shuuu kawai suke yi. A kan benci na ga wata yarinya ta juya mini baya, tana datse wayoyi da fulaya tana jefa filogan cikin gwangwanin madara, ƙwal, ƙwal. Na gane ɗankwalin, nawa ne. Ni ce, da bakin nan nawa da ba ya gajiya, ina ta bayani. Na yi ƙoƙarin riƙe hannunta, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Baba yana tsaye a gefe, ya tsince jan zaren da ya faɗi ƙasa yana naɗewa a yatsa. Ya yi murmushi ya ce, "Uwata ta fi ni sani." Wallahi a zahiri ma haka ya faɗa ranar, kuma na ji daɗi a lokacin. A mafarkin sai maganar ta ƙona ni.

Na ɗauki gwangwanin na ruga da shi, sai kawai na sake samun kaina a filin idi. Kowa ya watse, saura Baba. Ko ganye ba ya motsi. Na zazzage gwangwanin a tafin hannuna don in mayar masa da filogansa, sai yashi ya zubo. Ina cikin haka jirgin da ke ƙirjinsa ya zame ya tashi da kansa, babu batir a cikinsa, farfelar ma ba ta juyawa. Ya yi sama ta gabas, yana shawagi a hankali, ban taɓa ganin jirgin Baba ya yi kyau haka ba. Na juya in ga farin cikinsa, na tarar ya ɗaga kai yana kallon yamma, ya kare ido da hannu.

Ya ce, "Uwata, ya tashi? Wane gefe yake?"

Na buɗe baki in ce gabas, muryata ta ƙi fita. Ya sake tambaya. A nan na farka, ana kiran sallar asuba, matashina ya jiƙe.

Da gari ya waye na jawo durowa. Cajar tana nan a ledarta, ƙarƙashin tsofaffin takardu. Na ji kunyar kaina, na ji haushin kaina. Na kira Inna, mahaifiyata, bayan mun gaisa na ce, "Inna, har yanzu iskar nan ba ta lafa ba?"

Ta ce, "Wace iska kuma, 'yar nan? Ai duk Juma'a sai ya fito da jirgin tsakar gida ya goge ya mayar. Shi ya hana in gaya miki, ya ce kada a ɗaga miki hankali kina aiki. Wancan makon ma sai da ya tambaye ni fiffiken ja ne ko ƙura ce ta hau shi."

Cajar tana cikin jakata yanzu, jibi Juma'a zan bi motar farko. Amma don Allah, masu sanin fassara, ku gaya mini gaskiya ko da ba daɗi. Jirgin nan da ya tashi Baba yana kallon wani gefen, ana nuna mini in yi sauri ne, ko kuwa ana gaya mini na riga na makara?