Motar kumandan da ƙwaryar ruwa

A shekarun nan da sama ta riƙe ruwanta, soja kuma suna riƙe da ƙasa, muna zaune a unguwar Lazaret, ni da mai gidana. Shi makanisiye ne. Garejinsa rumfar kwano ce a bakin hanya, da akwatin kayan aiki guda. A gefen rumfar nake zama ina sayar da dafaffen ƙwan zabo, har fari ya cinye zabin, na koma dafa abin da ya samu. Dangi sun baro ƙauye sun sauka a kanmu, tsofaffi da masu goyo. Duk bakin da ke gidan, rumfar nan yake kallo.

Ana nan ana nan, sai aka ce za a share bakin hanya. Aka shafa jan fenti a kowace rumfa, tamu da ta maƙwabcinmu mai facin taya, wani Bazabarme da suka daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya da mai gidana. Aka ce ran Litinin katafila za ta zo.

Ran Alhamis da hantsi wata jar mota ta tsaya a gabanmu, gajera, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Tana rawar jiki, tana tari, baƙin hayaƙi na fita ta bayanta, warin isansi, wato man fetur, har ya sa ni hawaye. Wani kumandan ya fito. Ya dubi fentin da ke jikin rumfa, ya dubi mai gidana.

Ya ce, "Patoro," wato mai gareji, "an ce kai ne mai kunne a unguwar nan."

Mai gidana ya ce, "Ranka ya daɗe, ana dai taɓawa."

"Motar nan in tana gudu, iska ba ta kamo ta. Amma da na tsaya, sai ta kama kakari kamar tsohuwar akuya, ta mutu a gaban mutane. Gareji uku sun gwada. In ka gyara ta kafin Litinin, katafila ba za ta ga rumfarka ba." Ya jefa masa makulli, ya hau wata motar soja da ta biyo shi ya tafi.

Akwai abin da ni kaɗai na sani. Kunnen nan da ake yabo ya fara mutuwa. Ƙarar injin ta shekara da shekaru ta cinye shi. In na kira shi daga baya, sai na kira sau uku. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Ya buɗe gaban motar. Ya ce wannan injin tsere ne, karbirato biyu gare shi, wato abin da ke gauraya isansi da iska kafin injin ya sha. Ya ce ralanti ne ya lalace, numfashin mota sa'ad da take tsaye, domin isansi ya fi iska yawa. Ni dai na gane da kunu: in gari ya fi ruwa, ba ya haɗiyuwa.

Ya fara da matatar iska, ya kakkaɓe ta, ya tayar da mota. Hayaƙi na nan. Ya kwance buji huɗu, masu ba injin wuta, ya jera a kan tsumma. Biyu kalar ƙasa, biyu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce, "To, karbirato ɗaya ne mara lafiya, na baya." Ya sa turnabis ya juya ɗan ƙusan da ke rage isansi, ya juya har ya ƙure, motar ko a jikinta. Ya daɗe a tsaye yana kallonta. Ya ce isansin nan ta wata ƙofa yake shigowa.

Alhamis ta wuce. Juma'a ya wanke ƙananan ramuka, ya hura su da baki har leɓensa ya yi fari, ya canja allurar da ke tsayar da isansi. Ya tayar, hayaƙi na nan. Mai faci ya leƙo ya ce, "Abokina, wannan mota taba take sha? Saya mata goro ta daina." Ya yi dariya, mai gidana bai yi ba. Mai faci ya dafa shi ya ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri, ya koma yana kwance kwanon rumfarsa da kansa, kada katafila ta lanƙwasa shi.

Ran Asabar da azahar mai gidana ya kwance karbirato biyun gaba ɗaya, ya baje a bakin tabarmata domin can ne inuwa ta rage. A cikin kowanne akwai wani ɗan abu na jan ƙarfe, rufaffe, fanko, girman ƙwan zabo. Fulota suke ce masa. Yana yawo a kan isansi, in isansi ya cika sai ya taso ya rufe ƙofa. Na ga ya ɗauki na bayan, ya girgiza a kunnensa, ya ajiye. Ya zauna ya dafe kai.

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kayan aikinsa ba, shi ma bai taɓa muciyata ba. Amma zan shimfiɗa masa abinci, abin kuma yana kan hanya. Na ɗauke shi in matsar. Hannun da ya shekara yana zaɓen ƙwai bai jira ni ba, sai na ji ya girgiza shi. Wani abu ya motsa a ciki, kaɗan, kamar dungun ƙwai.

Na ce, "Malam, da ƙwai ne wannan, ba zan saya ba."

Ya ce, "Ke, ajiye. Na gwada shi."

Na ce, "Ka gwada. Amma mu ba ma yarda da girgiza kaɗai, sai mun sa a ruwa."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ruwan da na saya wurin mai garuwa na tuwon yamma ne, ya riga ya yi ɗumi a kan murhu. Na zuba a ƙwarya, na saka su biyun. Ɗaya ya zauna a sama kamar agwagwa. Na bayan ya nutse rabi, ya karkata, sai ga ƙananan kumfa suna fita daga gefensa a jere. Huda ce da ido ba ya gani. Ya sha isansi ya yi nauyi, ba ya iya tasowa ya rufe ƙofar.

Mai gidana ya ciro fulotan daga ruwa. Ya tsiyaye shi, ya shanya a rana, ya liƙe hudar da dalma siririya kamar gashi. Da la'asar ya tayar da motar. Ta yi tari sau biyu, hayaƙin ya washe, ta koma gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Ya ɗora tafin hannu a jikinta, ya rufe ido. Da hannu yake saurare, a gabana, bai ɓoye ba. Ruwan ƙwaryar ya yi warin isansi, na zubar. Ran nan da gayan dambu aka kwana.

Litinin katafila ta zo. Ta bi layin nan kaf, ta tsallake mu. Mai faci ya ɗora kwanon rumfarsa a amalanke, ya ce zai gwada Lamordé, ƙetaren kogi. Ya tsaya ya dubi rumfarmu ita kaɗai a fili, ya ce, "Fofo," wato sannu, "abokin kumandan." Bai miƙo hannu ba.

Rumfar ta ciyar da mu har sama ta saki ruwa. Jar motar kuma kowane mako tana nan, a duba ta, ba a cewa a'a. Mutanen unguwa suka riƙa gaishe mu daga nesa. Mai gidana kuwa, daga ran nan, in mota ta zo sai ya ce, "Uwar yara, me kika ji?" In faɗa masa a hankali, kusa da kunnen da ya rage. Abincinsa na rana kuma shi kaɗai yake ci, rabi yakan dawo mini a kwano.