Kwadon Akwati a Tashar Kafanchan

Tun da kuka ce sai na faɗi wani abu kafin in ajiye hedifon ɗin nan in koma Gwantu noman citta, to ku gyara zama. Ranaku da yawa na aikin nan sun shige mini duhu, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka ɗauki fitowar ƙarshe ta Mama Rifkatu a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ba.

Ku yaran da kuka shigo kwanan nan, wataƙila a hoto kawai kuka san ta. Iyayenku kuwa sun san ta da sunan Talatu Mai Kunu, sunan da ta fito da shi a wasan kwaikwayon talabijin tun hoto yana baƙi da fari. 'Yar ma'aikacin reluwe ce, a kwatas ɗin tasha aka haife ta. A wasan Kirsimeti na coci aka fara ganin baiwarta, daga nan ta bar koyarwa ta tafi Kaduna, a zamanin da dattawan ikilisiya ke ganin macen da ta shiga talabijin ta lalace ke nan. Ta yi wasa lokacin da ake watsawa kai tsaye, in ka yi kuskure duk jiha ta gani. Da fim na kaset ya zo ta shiga, ta fito uwa, ta fito kaka, har aka daina ƙirgawa.

Ni kuwa ita ce ta riƙe ni a aikin nan. Na zo daga Gwantu da Hausata ta gida, in na buɗe baki sai situdiyo ta ɗauki dariya, har na fara shirin tattara kayana. Rannan Mama ta tsaya a gaban kowa ta ce, "Yaron nan kunne aka ɗauke shi ya yi, ba baki ba. Wanda ya fi shi ji, ya zo ya karɓi hedifon." Ba wanda ya zo. Daga ranar ta zama uwata a wurin aiki, ta koya mini abubuwan da ba a koyarwa a kwas.

Biyu daga ciki sun shafi labarin nan. Mai ɗaukar sauti yana maƙala ƙaramin makirfo a rigar ɗan wasa, don haka yana jin komai, har kukan cikinsa. Mama ta ce da zarar darakta ya ce a tsaya, ka rage sauti, domin abin da mutum ya faɗa bayan nan ba naka ba ne. Na biyu, in ɗan wasa ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa sau biyu, to da kai yake, ka buɗe kunne. Tsohuwar alama ce ta situdiyo, yanzu ba kowa ya san ta ba.

Lokacin da wannan abu ya faru, Mama ta daɗe da komowa Kafanchan tana hutawa, ni kuma na kai matsayin shugaban sashen sauti. Wani matashin darakta mai suna Nasiru, ɗan gidan 'yan kasuwar garin nan ne da ya je ya karanto fim, ya roƙe ta ta fito masa sau ɗaya. Ta yarda, ta ce shi ne na ƙarshe. Labarin na wata uwa ce da ɗanta ya bi jirgi ya ɓace shekara da shekaru. A fitowar ƙarshe za ta ratsa cincirindon fasinjoji a dandamalin tasha, ta gano shi da kanta a cikin taro. Wani yaro mai suna Ishaya ne ɗan, yana riƙe da tsohon akwatin ƙarfe mai kwado. Da safe ni da hannuna na naɗe kwadon da salatif, don kada ya riƙa bugun akwatin ya ɓata mini sauti.

Wuni ɗaya aka ba mu izinin amfani da tashar da tsohon taragon da aka jawo mana, ga shi ƙarshen damina ne. Kafin la'asar hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kun san ruwan Kafanchan, ba ya sallama.

Aka ce akshin. Mama ta taso, fasinjoji suna hayaniya kamar yadda Nasiru ya ce su yi, ɗaliban jami'a ne da matan kasuwa da muka tara. Ta tafi tiryan-tiryan ta rungume wani dogon ɗalibi da ba shi da alaƙa da ita. Wuri ya fashe da dariya. Mama ta ce, "Ai wannan ya fi kyau ne, shi ya sa," aka ƙara dariya. A ɗauka ta biyu ta wuce Ishaya kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta nufi bakin dandamali, saura taki kaɗan ta faɗa kan layin dogo. Wata mai lemu ce ta riƙo zanenta. Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba, sai ƙus-ƙus.

Nasiru yaro ne mai ladabi. Ya rusuna ya ce, "Mama, ko kin gaji ne? In ya gagara, sai mu sa miki kujera ki zauna, shi ya zo ya same ki."

Ta ce, "Ba ni minti biyar in yi addu'a, ɗana."

Ta dafa bango ta koma gefe ta sunkuyar da kai. Na kai hannu zan rage sauti ke nan, sai na ji ƙwas, ƙwas a kunnena. Na janye hannuna, domin rabona da jin wannan alama tun muna situdiyo.

Ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Bulus, na san kana ji na. Ido na ya tafi. Tun bara hayaƙi kawai nake gani, mutum da mutum duka ɗaya ne. Ban gaya wa kowa ba, ko yara na. In yaron nan ya sani zai sa ni a kujera, gobe duka gari za su ce Talatu Mai Kunu ya makance, a zo ana mini sannu. Da ƙafa na na shiga aikin nan, da ƙafa na nake so in fita. Ka yi mini dabara."

Makirfo hanya ɗaya yake bi, ina jin ta, ba ta ji na. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa duk makon nan take cewa a karanta mata takardar wasa wai ta bar tabarau a gida. Na ji tausayi, na kuma ji haushi, domin matar nan ta kusa karya wuya a gabana saboda taurin kai.

Abu ɗaya mai sauti yake da shi wanda ko darakta ba ya musawa: in ya ce sauti bai yi ba, dole a tsaya. Na miƙe na ɗaga murya na ce makirfon Mama ya samu matsala. Nasiru ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Haba Baba Bulus, yanzu? Ga ruwa nan tafe!" Na ce ya yi haƙuri. Na je wurinta na yi kamar ina gyara waya a wuyan rigarta.

Na ce, "Mama, kunnenki fa?"

Ta ce, "Kunne na ya fi naka."

Na ce, "To ki bi ƙarar ƙarfe. Amma da sharaɗi, gama aikin nan za mu je asibitin ido."

Ta ce, "Su yanka mini ido? Allah ya kiyaye."

Na ce, "To a kawo kujera."

Ta yi tsaki ta ce, "Ɗan banza. Na yarda."

Na wuce wurin Ishaya na warware salatif ɗin da na naɗa da safe, na ciro makullan babur ɗina na rataya a jikin kwadon. Na matsar da shi can kusa da bango, nesa da bakin dandamali, na ce ya riƙa tafiya a hankali yana kaɗa akwatin. Sannan na ce wa Nasiru ina so fasinjoji su yi shiru, su riƙa motsa baki kawai, hayaniyar na ɗauke ta daban daga baya. Wannan hanya ce da aka saba a aikin fim, amma shi tun farko ya fi son hayaniya ta gaske.

Ya ce, "Baba, da safe kai ka hana kwadon nan motsi. Yanzu kuma kai kake ƙara masa makullai?"

Na ce, "Da safe ban yi tunani ba."

Ya shafa kai, na ga yana haɗiye maganar da ba zai iya faɗa wa sa'an ubansa ba. Iska ta fara kaɗa rufin tasha. Ya ce a yi yadda na ce, amma wannan ce ɗauka ta ƙarshe, in ba ta yi ba kujera za a kawo.

Aka ce akshin. Dandamali ya cika da mutane, amma tsit, ba abin da ke tashi sai ƙwal, ƙwal, ƙwal na kwado a jikin akwati. Mama ta tsaya cak. Ta karkata kai gefe guda tana saurare, sannan ta fara takawa, tana ture mutane a hankali da bayan hannu. A hedifon ina jin bugun zuciyarta kamar ana daka a maƙwabta. Ishaya ya ɗan tsaya, ƙarar ta ɗauke, ita ma ta tsaya. Na ce a raina, ya Ubangiji, yaron nan ya motsa. Ya motsa. Ta juya ta bi, har hannunta ya sauka a kan akwatin. Daga nan ta ɗaga hannu biyu ta shafa fuskarsa, goshi, kunci, haɓa, tana tabbatarwa ba ta sake rungumar ɗan wani ba. Sannan ta faɗi maganarta ta cikin takardar wasa: "Ka rame."

Ishaya ya fashe da kukan da ba ya cikin takarda. Matan kasuwa da aka ce su yi shiru suka kasa, wata har da sa gefen zane a ido. Nasiru ya manta bai ce a tsaya ba, sai da ruwa ya sauko a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Ya rugo ya durƙusa a gabanta yana cewa, "Mama, wannan shafa fuskar daga ina kika samo ta?" Ta ce, "Tsufa ne, ɗana." Ta ƙwanƙwasa makirfo sau biyu, ta ce a hankali, "Na gode, Bulus." Ni kaɗai na ji, kuma ban ɗauka a faifai ba. Da aka zo tace fim, Nasiru ya ƙi sa kiɗa a wurin, ya bar ƙarar kwadon ita kaɗai.

Alkawari kuwa sai da na yi da gaske. Ranar Litinin na tsayar da keke napep a ƙofar gidanta na ƙi tafiya, ta fito tana zagina har asibiti. Likita ya duba ya ce yanar ido ce, kuma ana cirewa. Ina tsaye tare da 'ya'yanta ranar da aka kwance bandeji. Ta ƙyafta ido, ta dubi wannan, ta dubi wancan, sannan ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kai! Bulus, ashe kai ma ka tsufa?"

Ban fasa wannan magana ga kowa ba, ko matata. Mama ce da bakinta ta ba da shaida a coci ranar godiyarta, zumuntar mata suna guɗa, Nasiru ma ya zo ya zauna a benci na baya yana girgiza kai. Ta yi sauran shekarunta tana karanta Littafi da idonta kafin Ubangiji ya kira ta. Ba don ta faɗa ba, da yau ma ba za ku ji daga gare ni ba.

Na yi shekaru ina ɗauka aikina shi ne in hana ƙarar da ba a so shiga faifai. Ranar nan na gane mutumin da ka maƙala wa makirfo ya ba ka amanar abin da yake ɓoye wa duniya, kuma wani lokaci kai kaɗai zai iya kira. Ina gode wa Allah da ya sa hannuna bai riga yatsanta ba, ina gode wa Mama da ta tuna da yaron Gwantu a lokacin da ta rasa mai ji. Ku da za ku gaji kujerar nan, in an ce a tsaya ku rage sauti. Amma in kuka ji an ƙwanƙwasa sau biyu, ku ajiye komai ku saurara.