Hatimin Alhaji Isah a Layi na Sha Bakwai

Ka taɓa ganin mutumin da ya buga haruffa dubu ɗaya da ɗari tara da arba'in da takwas a jere, babu ko kalma ɗaya mai ma'ana a ciki? Ni na gani, ranar wata Alhamis, a shagon Malam Manu da ke Tudun Wada, Gusau. Shagona na sayar da takardu yana jikin nasa, taku shida ne tsakani.

Malam Manu mutumin Rawayya ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana buga tafireta a wani ofis a Bungudu, ya yi ritaya, ya koyi kwamfuta yana da shekara hamsin da biyar. Yatsu takwas yake aiki da su, ba ya kallon hannunsa. Yana shan shayi sau uku a rana, ba ya gaisawa da kowa in yana tsakiyar layi. Shafin intanet guda ɗaya tak yake kula da shi a duniya, na ƙungiyar masu sayar da hatsi ta Gusau da Tsafe da Bungudu, kuma da shi yake gabatar da kansa a wurin ɗaurin aure.

To shafin nan ne ya fara gargaɗi. Duk wanda ya buɗe, sai waya ta ce masa wurin ba shi da tsaro. Mutum goma sha ɗaya suka kira shugaban ƙungiya, Alhaji Isah na Tsafe. Kwamiti ya yanke: in aka zauna taro bayan la'asar ranar Alhamis gargaɗin yana nan, za a karɓe shafin a ba wani kamfani.

Maganin ba wuya. Ana sayen satifiket na tsaro daga wani kamfani daban, su aiko da wani dogon rubutu ta imel, a kwafe shi a liƙa cikin akwati a allon da ake sarrafa shafin, a danna. Ni na lissafa, minti huɗu ne in network bai yi gardama ba. Sai dai imel ɗin na Alhaji Isah ne, shi kuwa Alhaji a wurinsa takardar ƙungiya hanya ɗaya take bi. Ya sa aka buga masa ita a firinta, ya sa hannu, ya danna hatimi, ya saka a ambulan, ya ba direba a tashar Tsafe.

Ƙarfe sha biyu da minti goma ambulan ya iso, yana warin daddawa. Malam Manu ya kira Alhaji a waya.

"Alhaji, da ka turo min ta waya kawai."

"Ta waya? Takardar ƙungiya? Malam Manu, kai hwa tsohon ma'aikaci ne."

"To turo yanzu."

"Na goge. Mi za ni yi da ita tunda an buga? Ina kasuwa, sai mun haɗu la'asar."

Malam Manu ya goge tabarau, ya ɗora rula a ƙarƙashin layin farko, ya fara. Layi talatin da ɗaya ne, kowanne harafi sittin da huɗu, ban da na ƙarshe mai ashirin da takwas. Manya da ƙanana da lambobi a cakuɗe, kamar an zubar da gero da dawa a tabarma ɗaya. Minti talatin da bakwai ya ɗauka. Bayan azahar ya ba ni takardar, ina karantawa da ƙarfi yana bi a allo, yadda suke yi a ofis. Kuskure biyu muka samu, duka nawa ne wajen karantawa.

Saura layi na sha bakwai. Nan hatimin Alhaji ya sauka, shuɗin tawada cike da ƙarfin hannu, ya rufe haruffa uku.

Na ɗauki biro. Kowane gurbi zai iya zama ɗaya daga cikin haruffa da lambobi da alamu sittin da huɗu da ake irin wannan rubutu da su, wato gwaji dubu ɗari biyu da sittin da biyu da ɗari da arba'in da huɗu. Na gaya masa.

"Kulu, kin gama?" ya ce.

"Na gama, Malam."

"To ba ni bangon robar nan shuɗi da kike sayar wa ɗalibai."

Na kawo guda. Ya ɗora a kan takardar, ya fita bakin ƙofa inda rana take. Ta cikin shuɗiyar roba shuɗin hatimin ya dusashe, baƙin rubutun ya fito. Ya ce a Bungudu shugabanninsa bakwai, shida daga ciki a kan rubutu suke danna hatimi.

Ya buga haruffan uku. Akwai wasu akwatuna biyu a allon, na mabuɗin sirri da wani, waɗannan ya cike su da kansa. Ya yi bismillah, ya danna. Ƙarfe uku saura minti takwas gargaɗin ya ɓace. Mun duba a waya huɗu, har da ta mai rake.

A wurin taro Alhaji Isah ya buɗe shafin, ya ɗaga wa kwamiti waya.

"Kun gani? Da na turo ta waya ba hatimi, wa ya san ko za ta karɓu."

Aka bar wa Malam Manu shafinsa. Abu ɗaya ya roƙa, cewa baɗi Alhaji ya danna hatimin a ƙasa kaɗan. Alhaji ya ce zai duba.

Ka ɗauko wata takarda da aka danna wa shuɗin hatimi a kan rubutu, ka ɗora mata shuɗiyar roba, ka fita rana ka duba. Ni na gwada a takarda tara, takwas sun karantu.